Wai fiffiken da ake ɗaura wa Corolla a kan but, tashi za ta yi?

Abu_Gyallesu:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah duk wanda abin ya shafa ya yi haƙuri. Jiya bayan la'asar ina dawowa daga Sabon Gari cunkoso ya riƙe mu a Ƙofar Doka, a gabana wata Corolla ce fara irin ta 2005 ɗin nan. An ɗaura mata wani ƙaton fiffike a kan but wanda wallahi za a iya shanya dadduma a kai, gefen hagu an manna TURBO, gefen dama V6, ƙarƙashin tambarin Toyota kuma an manna AMG. Bakin salansa huɗu reras amma da na lura ta guda ɗaya kawai hayaƙi ke fita, sauran ukun gwangwani ne aka ɗaure da waya. To duk wannan bai dame ni ba sai da idona ya sauka kan tayar baya, ta suɗe tas kamar tafin hannu har zare ya fara leƙowa, fitilar birki ɗaya kuma a fashe an liƙe ta da jan salatif. Ni dai a fahimtar da ni, waɗannan tarkacen me suke ƙara wa mota? Mutum yana da kuɗin fiffike amma ba shi da na taya? Ko ni ne na tsufa ban san yayi ba.

Dan_Kwangila:
Hhhh na san motan nan. Kullum da yamma sai ya wuce ta ƙarƙashin gada, ƙara kamar injin markaɗe, amma ɗan acaɓa ya ɗauko mutum biyu da buhun masara sai ya wuce shi ya bar shi yana ta ihu a baya.

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Ku bar bawan Allah, ƙila makarantar koyon tuƙin jirgi ta Palladan yake son shigar da ita, shi ya sa ya fara da fiffike ɗaya kafin kuɗin na biyu su samu.

Bakanike_Muciya:
Malam Abu ba tsufa ba ne, gaskiya ka gani. Bari in yi maka bayani a matsayina na wanda yake kwance ƙarƙashin motocin nan kullum. Fiffike asalinsa na motocin tsere ne, in mota tana sheƙa gudu sosai iska ce take bugun fiffiken ta danne bayan motar ƙasa don taya ta kama titi. To kai daga Tudun Wada zuwa PZ gudun nawa za ka yi, ga keke napep ga 'yan acaɓa ga masu tura baro? Na biyu kuma Corolla da tayoyin gaba take ja, injin 1.8 ne mai fulogi huɗu, ko da fiffiken zai danna wani abu bayan zai danna inda babu abin da ke jan motar. Abin da ni na san yana yi shi ne, sai an huda but da dirila wuri huɗu kafin a ɗaure shi, damina na zuwa ruwa ya riƙa bi ta hudar, ka buɗe wurin safaya taya ka tarar da tafki har da tsatsa. Na sha kwashe ruwa da kofi a but ɗin mutane. Wani ma nauyin fiffiken ya sa murfin but ɗin ba ya tsayawa in an ɗaga, sai ya dawo ya maka wa mutum a ƙeya.

SarkinGudu:
Ku dai mutanen Zariya ba ku da aiki sai sa ido. Kuɗinsa ne, motarsa ce, da guminsa ya saya. Wani hula yake tarawa, wani agogo, wani tattabaru, shi kuma motarsa yake yi wa kwalliya, ina ruwan wani? Ni ma akwai fiffike a tawa kuma ban cire ba.

Abu_Gyallesu:
@SarkinGudu Allah ya huci zuciyarka. Mai tara hula in hularsa ta yage ba ta kashe kowa. Tayar can in ta fashe a hanyar Kaduna ba shi kaɗai za ta ɗauka ba.

SarkinGudu:
To ka ce taya kake magana, ka bar fiffike ya sha iska. Tayoyina sababbi ne fil.

Injiniya_Samaru:
Ɗan gyara kaɗan ga Bakanike, ba duk fiffike ne na banza ba. Corolla S da ake kawowa daga Amurka kamfani da kansa yana sa mata ɗan ƙarami a kan but da 'yan robobi a gefe, wannan an auna shi da jikin motar, ba ya zubar da ruwa ba ya kuma ɓata fasali. Matsalar ita ce wanda ake sayowa a kasuwa a ɗora wa kowace mota kamar hular haya. Amma ni abin da ya fi ba ni dariya AMG a jikin Toyota. AMG sashe ne na Mercedes a Jamus, a wani ƙaramin gari Affalterbach, manyan injinansu mutum ɗaya ne yake haɗa inji guda daga farko har ƙarshe sannan a liƙa ƙarfe mai sa hannunsa a kai. Ita Toyota nata sashen TRD ne, masu Honda kuma Mugen suke yi wa kirari. In ma ƙaryar za a yi ai sai a yi ta cikin dangi.

Dan_Kwangila:
Injiniya kana koya musu yadda za su gyara ƙarya ke nan 😂

Yar_Hanwa:
Ni yayana Vibe gare shi, ranar da ya sayo ta bai kai ta gida ba sai da ya biya aka ɓalle tambarin Pontiac aka sa na Toyota gaba da baya. Wai kada surukai su ce wace irin mota ce wannan.

Injiniya_Samaru:
@Yar_Hanwa yayanki shi ya fi kowa kusa da gaskiya a duk masu canza tambari. Vibe da Toyota Matrix uwa ɗaya uba ɗaya ne, injin Toyota ne a cikinta, irin na Corolla. Wanda ba zan yafe wa ba shi ne mai Camry da ke manna tambarin Lexus, ko mai fulogi huɗu da ke rubuta V6. A buɗe bonet a ƙirga mana.

Bakanike_Muciya:
Wallahi an taɓa kawo min Camry an rubuta V6 ɓaro-ɓaro a baya, na aiki yaro ya sayo fulogi shida, muna buɗe bonet muka ga huɗu. Mai motar yana tsaye yana kallon sama kamar ba shi ba. Na ce Alhaji ragowar biyun a ajiye maka ko a mayar? Ya ce a mayar.

DirebanFuntuwa:
Duk wannan wasa ne, fiffike da tambari ba su taɓa hana ni barci ba. Ku zo mu yi maganar fitila. Ni direban haya ne, Zariya zuwa Funtuwa nake yi shekara da shekaru, sau da yawa dare yake yi min a hanya wajen Giwa ko Shika. Yanzu yaro zai sayi farin ƙwai mai haske kamar walda ya cusa a fitilar da ba don shi aka yi ta ba, ya ƙara wata doguwar sanda mai ƙwayaye a kan bamba, wani har a rufin mota, sannan ya kunna duka ya taho. Wallahi in ya haske ka sai ka yi daƙiƙa uku huɗu ba ka ganin komai sai fari, kuma a hanyar da ake gaba da gaba, gefe ga masu keke ga masu tafiya a ƙasa ga shanu. Ka yi masa sigina da fitila ya rage, ba zai rage ba don ba shi ma da ta ragewa. Akwai daren da Allah ne kawai ya tsare na taka birki ban san dalili ba, hasken na wucewa sai ga amalanke a gabana ko taku biyar babu. Fasinjoji suna ta salati. Wannan ba ado ba ne, neman ran mutane ne.

Riwaya_PZ:
Direba ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ƙwan fitila na asali irin H4 wat 60 ne a babba 55 a ƙarama, kuma madubin da ke cikin fitilar an ƙera shi ne daidai da inda zaren ƙwan yake, shi ya sa hasken yake sauka kan titi ya yanke a daidai wani layi. In ka sa farin ƙwan LED ko HID na kasuwa a wannan gidan hasken ba daga wurin yake fitowa ba sai ya watse ko'ina, rabi a idon mai tahowa rabi a kan bishiya, shi kansa mai motar ba wani gani yake ƙarawa ba, gabansa ne kawai ya yi fari. Lokacin hunturu in hazo ya sauko ma ya fi muni don farin haske dawo maka yake yi a ido. Wasu kuma ƙwai mai wat 100 suke sawa, soket ya narke. Sai uwa uba wayarin, a jawo waya kai tsaye daga batir babu fis babu rile, a murɗa da hannu a naɗe da salatif a tura ƙarƙashin kafet. Yawancin motocin da aka kawo min suna warin ƙonewa, in na bi waya sai in tarar ba ta kamfani ba ce, ta fitilar ado ce ko ta sifika.

Dan_Kwangila:
To Oga Riwaya wa yake ɗaura musu? Ba ku ba ne? 🤔

Riwaya_PZ:
Mu ne, ba zan yi musu ba. In ka ƙi yi ya tsallaka shago na gaba. Ni dai nawa sharaɗin sai da fis da rile, in ba ka yarda ba ka ɗau motarka.

Maman_Ilham:
Har da masu sa shuɗiyar fitila a ƙarƙashin mota tana walƙiya kamar ɗakin amarya. Ranar bikin ƙanwar maigidana motar da ta ɗauko amarya haka take, tsofaffi suka ce su ba za su shiga ba.

Malam_TukurTukur:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, ina ganin akwai inda ake zalunci kaɗan. Mu fa mutane ne masu son ado tun asali. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ko hawan Daushe a ƙofar fadar Zazzau ya san abin da ake yi wa doki, jalala, linzami mai tsada, likkafa, wani har lifidi, dokin ma da kyar ake ganin jikinsa. Jalala tana ƙara wa doki gudu ne? Ba ta ƙarawa. Haka manyan motocin katako na da, an zana zaki an zana dawisu an rubuta Hassada ga mai rabo taki, ko Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma ba wanda ya ce ƙauyanci ne. Yaron yau ba shi da doki, Corolla gare shi, to ita zai yi wa jalala. Abin da za a ce masa shi ne ya yi da hankali.

SarkinGudu:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Ka gama magana.

Kawu_Wusasa:
Malam ban yarda da kai duka ba. Kayan doki gwanaye ne suke yin su, badukai da maƙera da masu ɗinki, an san na sarki an san na hakimi an san na bawan sarki, kowane da ma'anarsa. Kuma ban taɓa ganin wanda ya hau jaki ya rataya masa allo ya rubuta DOKI ba. Rubutun jikin gwangwaro kuma maganar direban ce da kansa, abin da ke ransa ne da harshensa. Shi mai TURBO fa me yake cewa? Ya ma san mene ne turbo? Mu da muka tashi lokacin da ake haɗa Peugeot a Kaduna, tun 1975 aka fara, 504 za ka gani fes babu ko ɗigon sitika, adonta wanki ne da kakin goge jiki, in ta wuce ka san mai ita mutum ne.

Malam_TukurTukur:
Kawu Allah ya ja kwana, maganar jaki ta kama ni. Amma 504 ɗin ma na ga masu sa mata labule a gilashin baya da gashin tunkiya a dashbod, kada mu mai da da can kamar aljanna.

Kawu_Wusasa:
Labulen don iyali ne, wannan daban.

Hajiya_Tudunwada:
Tunda Kawu ya kawo maganar iyali bari in shigo da tintek, wato baƙin gilashi. Ni na sa a motata kuma ba don gayu ba. Zafin watan Maris da Afrilu a garin nan kowa ya san shi, ka ajiye mota awa ɗaya a rana sitiyari ba ya taɓuwa. Sannan mace tana tuƙi kowa sai ya leƙo ya ga wace ce, me ta sa, wa ta ɗauko. Wannan ma yana cikin adon banza?

Lauya_Kongo:
Hajiya ba adon banza ba ne amma akwai doka a kansa, tun 1991 aka yi dokar hana baƙin gilashi sai da izini, kuma dalilin da dokar ta sani shi ne na lafiya ko na tsaro, a wurin 'yan sanda ake neman izinin. A 2025 sun sake tayar da maganar takardar har aka je kotu. Don haka duk mai shi ya san da wannan kafin a tare shi a hanya ya fara cewa bai sani ba. Wanda babu ma ƙofar izini a kansa shi ne rufe lamba, wannan jakar fata da ake sa wa lamba don a ce babban mutum ne a ciki, ko baƙar roba da ke hana a karanta ta. Da jiniya, da fitila mai ja da shuɗi irin ta jami'an tsaro. Sai kuma masu manna sitikar lauyoyi ko ta likitoci ko ta sojoji alhali ko ƙofar wurin ba su taɓa takawa ba, wannan ya wuce ado ya koma sojan gona.

Riwaya_PZ:
Hajiya ƙarin bayani, baƙi ba shi ne maganin zafi ba. Akwai leda mai kyau da take tare zafin rana kuma ana ganin ciki, tsada ce kawai da ita. Mai arhar nan baƙi ƙirin bayan shekara ɗaya sai ta koma ruwan makuba ta yi ƙuraje, da dare kuma sai kin sauke gilashi kafin ki yi ribas.

Hajiya_Tudunwada:
Gaskiya ne wannan, da dare sai na sauke. Na taɓa taka bokitin mai gadi.

Bakanike_Muciya:
Mu koma kan taya tunda da ita Malam Abu ya fara. Babban abin da ke kawo min motocin samari shi ne manyan rim. Corolla irin wadda ake magana da taya 195/65 R15 take zuwa, naman gefen tayar ya kai kusan santimita 13, shi ne yake shanye rami kafin ya kai ga rim da shokozoba. Sai yaro ya cire ya sa rim 18 da taya siririya kamar zoben roba, 225/40, naman ya koma santimita 9. A titin Turai lafiya lau. A nan kuwa rami ɗaya a hanyar Jos ko lungunan cikin gari, rim ya lanƙwashe, taya ta yi ƙulu a gefe, iska tana zuƙewa kullum yana wurin mai faci. Wasu ba su tsaya nan ba sai sun yanke sifirin don motar ta kwanta ƙasa, to duk tudun rage gudu da ke hanyar Samaru sai ya bi shi a karkace kamar kaguwa yana tara mutane a baya, wata rana ya fasa kaskon bakin mai ya zo yana cewa inji ya buga. Kuma in taya ta fi ta asali girma ko ƙanƙanta agogon gudu ma ƙarya zai riƙa yi maka.

SarkinGudu:
Oga Bakanike ai da mu kuke ci. In kowa ya bar motarsa yadda ta zo garejin naka rufewa zai yi.

Bakanike_Muciya:
Ba zai rufe ba, titunanmu sun ishe ni ciniki ko babu ku.

Bazazzagi77:
Ni fa tun ɗazu ina karatu ina dariya don Abu_Gyallesu maƙwabcina ne, gida uku tsakaninmu. Malam Abu tsakaninka da Allah, ledan da ke kan kujerun motan ka shekara nawa ke nan ba ka cire ba? Da rubutun alli na gwanjo da ke gilashin gefe, kullum yaro na wanke mota kana ce masa kar ya goge wurin. Ga lamban Jamus har yanzu yana leƙowa ƙarƙashin na Kaduna. Wannan shi kuma sunan sa me?

Dan_Kwangila:
Innalillahi 😂😂 an kama mai wa'azi.

Maman_Ilham:
Malam Abu fito ka kare kanka.

Abu_Gyallesu:
Bazazzagi Allah ya isa tsakanina da kai, gobe kada ka zo aron famfon taya. Ledar saboda yara ce, suna zubar da kunu. Lambar Jamus kuwa kusoshinta ne suka yi tsatsa.

Bazazzagi77:
Allin fa? Shi ma tsatsa ya yi?

Abu_Gyallesu:
Allin na amsa laifi. Amma alli bai taɓa fasa taya ba.

Malam_TukurTukur:
Kun ga abin da nake faɗa. Kowa akwai jalalarsa, ta wani dai ta fi ta wani ƙara.

Yar_Hanwa:
Tunda an fara tone-tone mu ma mata a faɗi namu. Rigar sitiyari mai gashi ruwan hoda, gashin ido da ake liƙa wa fitilar gaba, 'yar tsana goma a dashbod, kwalbar turare tana lilo a madubi, da duwatsu masu ƙyalli da ake zagaye tambarin sitiyari da su. Ƙawata har giya ta sa wa hula.

Injiniya_Samaru:
@Yar_Hanwa don Allah ki gaya wa duk mai duwatsun nan a sitiyari ta cire yau. A ƙarƙashin tambarin nan jakar iska take, in aka yi karo fashewa take yi da ƙarfin gaske cikin ƙiftawar ido, tambarin kamfani an yi shi yadda ba zai ɓalle ba, amma wanda aka liƙa da gam tashi yake yi ya zama kamar harsashi ya nufo fuska. A 2023 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan su bayan wani direba ya rasa ido ɗaya. Haka kafet ɗin da ake shimfiɗa wa dashbod a liƙe shi, gefen fasinja ma akwai jakar iska a wurin. Rigar sitiyari kuma in ta saki sai ki juya riga sitiyari bai juya ba.

Maman_Ilham:
Subhanallahi, akwai su a tawa wallahi, 'yata ce ta liƙa min. Yanzu zan fita in ɓamɓare. Rigar gashin dai tana nan, don sitiyarina ya ɓare yana ɓata min hannu.

DirebanFuntuwa:
Har da ɗan ƙarfen da ake cusawa a ramin bel don mota ta daina ƙara, an yi masa ado da tambarin Benz. Mutum ya sayi abin da zai hana motarsa tuna masa ya ɗaura bel. Amma ni har yanzu ba wanda ya ba ni amsa a kan fitila, wa zai hana? Kullum ana tare mu a duba takardu da rana, da dare kuwa mai fitilar walda yana wucewa abinsa.

Lauya_Kongo:
Direba da rana ake aikin duba motoci galibi, fitila kuma da dare take laifi. Sai dai ƙungiyarku ta direbobi ta kai kuka a rubuce, ya fi a yi ta yi a nan.

Dillali_Dan_Magaji:
Ku bari mai sayar da mota ya sa baki. Duk abin da ka ƙara wa mota na ado ranar sayarwa ba a biyan ka ko sisi, ragewa ma ake yi. Mai saye yana ganin fiffike da salansa mai ƙara abin da yake zuwa ransa shi ne yaro ne ya yi ta tsula tsiya da ita, sai ya ja baya. Kafin mu kafa ta sai mun cire komai mun toshe huda mun yi fenti, duk daga kuɗin mai ita. Salansa kuwa ku yi hattara, da yawa in an je wai a sa mai ƙara a nan ake sace indomi, wannan abin mai kama da saƙar zuma da ke cikin bututun hayaƙi, akwai ƙarafa masu tsada a ciki shi ya sa ake nemansa. Ka dawo gida kana murna motarka tana ruri, fitilar inji ta kama a dashbod, ba ka san an yashe ka ba. Wanda ya fi damun mu a kasuwa yanzu shi ne canza fuska, a ɗauki jip ta 2010 a kai Panteka a Kaduna ko a sayo kaya a Ƙofar Ruwa a Kano, a canza bamba da fitilu da raga ta koma kamar ta 2015. In don kanka ka yi ba laifi, amma in za ka sayar ka faɗa. Mai saye kuma ya duba lambar shasi, harafi na goma shi ke nuna shekarar mota a irin waɗanda ake kawowa daga Amurka, bamba ba ta canza shi.

Kawu_Wusasa:
To ka ji. Tsohuwa ta sha jan baki.

SarkinGudu:
Dillali ni ba sayarwa zan yi ba balle ka rage min. Kuma ku sani ba kowa ne yake yi don ya yaudari wani ba. Ni tun ina yaro nake son motocin tsere, ba ni da kuɗin sayen ta gaske kuma ƙila har in mutu ba zan samu ba, in na fito da safe na ga tawa da fiffikenta raina yana yin fari. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ma rabin wata a ajiye take, kallonta nake yi. Wannan ma sai an hana ni?

Abu_Gyallesu:
@SarkinGudu wannan maganar taka ta shige ni, ba zan ɓoye ba. In birkinka da tayarka da fitilarka lafiya suke ni ba ni da ja. Fiffiken dai har gobe ban ga kyansa ba.

SarkinGudu:
Ni ma ban ga kyan leda ba.

Hajiya_Tudunwada:
Oga Bakanike tambaya a gefe, ƙanena ya manna SPORT da wani zanen wuta a ƙofar motar mahaifinmu, Baba ya ce a cire kafin Juma'a. Yaya ake cirewa fenti bai tashi ba?

Bakanike_Muciya:
Hajiya a ajiye ta a rana gam ɗin ya yi laushi, ko a zuba ruwan ɗumi. In harafin roba ne a sa zare mai ƙarfi ta bayansa a riƙa ja kamar ana yanka sabulu, kada a sa wuƙa ko sukundireba. Ragowar gam a goge da ɗan kananzir a tsumma sannan a wanke da sabulu nan take. Amma in ya daɗe a jiki ki gaya wa Baba inuwar rubutun za ta zauna, don rana ta cinye fentin gefe ta bar na ƙarƙashi. Tun yaushe ya manna?

Hajiya_Tudunwada:
Tun ƙaramar Sallah. Baba bai lura ba sai jiya da aka tambaye shi a masallaci.